Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar NITDA: Dattawan Ajin Alhamis Na Gaisuwa

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, kuma babu dalilin da zai sa ka san ni. Malamin firamare ne ni a cikin birnin Kano, na kusa ajiye alli. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka shi ne wani ɗan aji da muke yi a unguwarmu, ni da ƙanwata da wasu samari, inda muke koya wa dattawa da iyayenmu mata yadda za su sarrafa wayar da ke hannunsu. Ba mu da suna, ba mu da rajista, ba mu da allo a bakin titi. Alhamis da Juma'a islamiyyar unguwa ba ta karatu, sai mu ari bencinanta: maza ranar Alhamis bayan la'asar, mata ranar Juma'a da hantsi. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san ɗan Haɗeja ba ya bukatar tafinta, kuma ina so in an karanta wa ɗalibaina su ji abin da na faɗa da yawunsu.

Ajin ya samo asali ne a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Ba sai na tuna maka yadda aka yi ba. Takardar Naira ta ɓace, mutane suka riƙa kwana a bakin na'urar cirar kuɗi, muka ga ana biyan dubu ɗaya har dubu biyu wurin mai POS kafin a ba ka dubu goma daga cikin kuɗinka na halak. Akwai wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da huluna, ya haura shekara 40 a kasuwa, wanda in ka ba shi lissafin kaya yakan gama shi a ka kafin yaro ya gama latsa kalkuleta. Wata rana wani saurayi mai kyan shiga ya zaɓi huluna, ya ce zai yi tiransifa, ya nuna masa fuskar waya, ga rubutu ga alamar kore. Dattijo ya yi godiya, har da rakiya. Sai da dare da ɗansa ya duba aka ga ko kwabo bai shigo ba. Bayan sallar isha'i ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya rage murya ya ce, "Malam, abin nan ka koya mini shi. Na gaji da zama makaho da idona biyu." A zauren mai unguwa muka fara, mu huɗu. Da aka yi yawa muka koma islamiyya.

Abu na farko da muka gane ya saɓa wa yadda ake faɗar maganar a taruka. Ana cewa a shigar da dattawa intanet, kamar suna tsaye a waje suna jiran a buɗe musu ƙofa. Ranka ya daɗe, ai tuni intanet ta shigo musu gida ba ko sallama. Tun 2014 aka fara ɗaure asusun banki da BVN. A Disambar 2020 aka ce a haɗa kowane layi da NIN ko a toshe shi, muka ga tsofaffi suna bin layi tun asuba. Ɗan fanshon da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsofaffin ma'aikatan gwamnatin tarayya, yanzu ta waya yake tabbatar da yana raye, da hoton fuska ko zanen yatsa. Uban da ɗansa zai zauna JAMB ya san tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Kuɗin makaranta, kujerar Hajji, fasfo, tallafi, duk an mayar da su bayan gilashin waya. Ba wanda ya tambayi tsoho ko ya shirya.

To yaya suke yi? Kowannensu yana da ɗan aike. Wani jikansa ne, wani yaron shago, wani mai cajin waya na bakin layi, wani mai POS. Shi ke riƙe da katin, shi ya san lambar sirri, sau da yawa ma shi ya zaɓe ta. Ranar farko da muka tambayi ɗalibanmu wa ya san lambar sirrinsa da kansa, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, 'ya'yanta na aiko mata kuɗi daga Legas, ba ta taɓa sanin nawa ake turowa ba sai abin da aka miƙo mata. Ba na cewa 'yan aiken nan ɓarayi ne. Akasarinsu yaran kirki ne, kuma ba don su ba da rayuwar tsofaffi da yawa ta tsaya cak. Amma ka dubi mutumin da ya aurar da 'ya'ya goma, ana kawo masa ƙara yana sasantawa, a ce yaro ɗan shekara 17 ya fi shi sanin abin da ke asusunsa, ya san ranar da fansho ya shigo da ranar da ya ƙare. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A kan waya kam, abin ya juye, kuma dattawa suna jin zafin juyewar ko da ba su faɗa ba. Abin da suke zuwa nema wurinmu ya wuce iya latsa waya. Sirrinsu suke so ya dawo hannunsu.

Bari in gaya maka darasinmu na farko, don na tabbata ba ya cikin kowane kundin horaswa da aka rubuta a ofis. Muna koya musu kashe waya a kunnen mutum.

Za ka yi dariya, amma shi ne darasi mafi wuya. Bahaushen da ya manyanta bai saba a yi masa sallama ya ƙi amsawa ba, balle ya katse mutum yana tsakiyar magana. 'Yan damfara sun san haka sarai. Za a kira shi da cikakkiyar sallama, a ce "Baba, ina wuni, ya iyali," a ambaci sunansa, a ce daga banki ne, za a rufe BVN ɗinsa yau in bai karanto lambobin da aka turo masa yanzu ba. Wani kuma zai ce shi ɗan guruf ɗin masallaci ne ko na 'yan gari, za a yi taro ta waya da daddare, a karanto masa lamba shida don a sa sunan Baba. Da ya karanta, an ƙwace WhatsApp ɗinsa, kafin magariba an bi 'yan'uwa ana roƙon kuɗin asibiti da sunansa. Ladabinsa aka mayar tarko. Don haka muke yin wasan kwaikwayo: yaro ɗaya ya fita waje ya kira ɗalibi, ya yi ta zuba daɗin baki, mu kuma muna kallo mu ga ko zai iya latsa jan maɓalli. Wani dattijo sai da aka yi masa sau biyar, kowane karo sai ya tsaya yana cewa "To yaro, ka yi haƙuri, zan kashe." Muka ce Baba, ba a ba ɓarawo haƙuri. Yanzu duk ajin sun haddace jimla ɗaya kamar karatun allo: banki ba ya tambayar lambar sirri, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da ya yi sallama.

Sauran abubuwan da muka koya, da kuskure muka koye su. Da farko na aro kwamfuta tafi-da-gidanka na zo ina bayanin mene ne intanet, na ga ana ta hamma. Ba wanda ya zo don wannan. Ɗaya so yake ya duba kuɗi sun shigo da gaske, ɗaya so yake ya ga fuskar 'yarsa da ke aure a Maraɗi, ɗaya karatun malaminsa yake so ya saurara ba sai ya roƙi masu tura-tura sun sa masa a memori ba, wata kuma turaren wuta da humra take haɗawa, tana so ta ɗauki hoto ta sa a sitatus kamar yadda kishiyar 'yarta ke yi. Daga nan muka daina koyar da kowa a kan wayar wani. Kowa da tasa, ko da rakani-kashi ce, don lambobin USSD na banki suna aiki a kanta ba tare da data ba, kuma mai ita ya fi bukatar sanin yadda zai duba ragowar kuɗinsa a kan ya san sunan manhajoji. Abu ɗaya ake koya a rana, a maimaita shi har hannu ya saba. Kowa yana da littafin rubutu inda yake zana alamomin da kansa: ga makirfo, ga kamara, ga kibiyar turawa.

A nan ne na ga abin da ya sa na ji kunya. Wasu daga cikin waɗanda takardun hukuma za su kira marasa ilimi, da na leƙa littattafansu sai na ga sun cika shafi da ajami mai kyau, sun rubuta matakan tiransifa ɗaya bayan ɗaya. Akwai alaramma a cikinsu da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wayar ce ba ta iya harshensa ba, kuma menu ɗin bankinsa da Turanci yake yi masa magana. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, Facebook ya zo da Hausa a 2016, amma mutum zai latsa lambar bankinsa na nan gida ya tarar da Turanci zalla, kuma in ya yi jinkirin karantawa a katse shi, wani lokaci har an cire kuɗin kira.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba wanda zai sani sai wanda ya zauna kusa da tsoho. Rabin waɗanda ake cewa ba sa ganewa, gani ne ba sa yi. Ranar da muka ƙara girman rubutu a wayoyinsu, muka kuma haɗa kuɗi aka sayo tabarau na karatu, sai ga daƙiƙan jiya sun zama haziƙai. Da hunturu yatsa yakan bushe ya yi kaushi, gilashin waya ya ƙi jin taɓawa, tsoho ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali ɗan man shafawa ne maganin abin. Wanda ya yi shekaru yana noma ko ƙira ko wanki, zanen yatsansa ya shafe, na'ura ta ƙi karɓarsa. Saƙon murya kuwa, shi ne babbar rahamar da ta sauka ga wanda bai yi boko ba, don ya mayar da waya abin da Bahaushe ya fi ƙwarewa a kai, wato magana. Sai dai a koya masa ya saurari abin da ya ɗauka kafin ya tura, kuma ya duba wa yake tura wa. Mun taɓa samun wanda ya aika wa guruf ɗin masallaci saƙon da ya yi niyyar aika wa amaryarsa. Maganar ta mutu a nan, ba zan ƙara ba.

Kan waye ya fi iya koyarwa ma mun sha mamaki. Ɗa ba ya iya koya wa ubansa, musamman ɗan fari: kunya ta hana uban tambaya, gajen haƙuri ya sa ɗan ya fizge wayar ya ce "kawo in yi maka." Wannan jimlar mun haramta ta a ajinmu, malami hannunsa a baya yake tsayawa. Amma jika daban ne. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba da damar a yi kuskure a yi dariya, ta ce masa "mijin banza, sake nuna mini," ya ce "tsohuwa, kin cika mantuwa," karatu kuma yana shiga. Mata kuwa, in ba mace ce za ta koyar ba, kuma in ba a wurin da maigida ya yarda da shi ba ne, to ba za su zo ba, komai kyan shirin. Ajin ƙanwata ya ninka nawa yawa, don matan sun riga sun saba da hanyar islamiyya.

Ranka ya daɗe, na san hukumarka ba ta zauna ba. Na ji burin da aka sa na kai kashi 70 cikin 100 na 'yan Nijeriya ga ilimin fasahar zamani nan da 2027, da kashi 95 nan da 2030. Na ji shirin da kuka ƙulla da hukumar NYSC na tura masu yi wa ƙasa hidima su koyar da jama'a a ƙananan hukumomi 774. Na kuma san shirin 3MTT, na horar da matasa sana'o'in fasahar zamani, na ma'aikatarku ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani, wanda wasu tsofaffin ɗalibaina na firamare suka shiga suka amfana. Ban raina ko ɗaya ba. Tsorona shi ne yadda za a ƙirga. In adadi ake nema kafin wa'adi ya cika, hanya mafi sauƙi ita ce a tara matasan da dama sun iya, a yi musu bita ta kwana biyu, a ɗauki hoto, a raba satifiket, a rubuta an horar da dubu kaza. Tsohuwar da sai ta yi wata uku kafin ta iya tura kuɗi ita kaɗai ba ta da farin jini a irin wannan lissafi, don tana cin lokaci kuma lamba ɗaya ce tak. Haka za a wayi gari a takarda an kai kashi 70, a unguwa kuma katin Hajiya yana nan a aljihun mai caji.

Batun masu hidimar ƙasa ma akwai abin dubawa. Tsarin NYSC tun kafa shi a 1973 shi ne a kai matashi jihar da ba tasa ba, kuma hakan yana da amfaninsa. Amma yarinyar da aka turo daga Enugu ko Ondo, komai ƙwazonta, yaya za ta yi wa tsohuwar da ba ta jin ko "zo" da Turanci bayanin lambar sirri? Kafin ta iya gaisuwa da ciniki, shekara ta ƙare ta tafi. Ga shi kuma maganar kuɗi da sirri ce, wadda mutum ba ya buɗe wa baƙo. Ni a ganina a haɗa kowane mai hidima da 'yan unguwa biyu ko uku, ya horar da su, su kuma su zauna da iyayensu. In ya tafi, ya bar wani abu a baya.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce a ƙasar nan, mun gaje ta. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato karatu ba, sai ta horar da jajis, dattawan mata amintattu, ta naɗa musu malfa, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu a ƙauyuka. 'Yan Taru ke nan, kuma karatun a cikin waƙoƙin da mata za su iya haddacewa aka zuba shi, da harshen da suke ji. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, da su Malam Ahmadu Coomassie a gaba. Ba a jira an gina makarantu ba, a zaure da gindin bishiya aka yi, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Kuma masu shirin sun gane cewa wanda ya koyi karatu in bai sami abin karantawa ba zai manta, shi ya sa hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. Mahaifina a irin wannan aji ya koyi rubuta sunansa, yana da 'ya'ya uku a lokacin. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, har aikinta ya kai ga samun yabo daga UNESCO. Hukumar tana nan, takwarorinta suna nan a sauran jihohi, akwai kuma ta ƙasa, NMEC. Suna da azuzuwa da malamai da suka san yadda ake koyar da mai furfura ba tare da an kunyata shi ba. Ku kuna da ilimin na'ura, su suna da ilimin tsoho. Abin da nake roƙo a ga darasin waya ya zauna daram a cikin kowane ajin ilimin manya, kamar yadda ƙidaya da rubuta wasiƙa suka zauna a da.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Cibiyar CITAD a nan Kano, ƙarƙashin Malam Y. Z. Ya'u, ta daɗe tana horar da mata da matasa, tana kuma fafutukar kafa hanyoyin sadarwa mallakar al'umma a wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Gidauniyar Fantsuam a Kafanchan ta kai intanet karkara tun lokacin da yawancinmu a birni sai mun je kafe muke ganin ta. Ga matasan da ke rubuta Wikipedia da Hausa kyauta. Bayan waɗannan da aka sani, akwai ɗaruruwan da ba su da suna irinmu: mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke tsayawa ya nuna wa tsoho yadda ake ajiye lamba, malamar islamiyya da ke ware minti goma bayan hadda, ƙungiyar 'yan kasuwa da ke gargaɗin mambobinta kan alat na bogi. Ba a ƙirga su, don ba su iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci ba.

Ba kwamfuta muke roƙo ba, kada a kawo. Akwai wani ɗakin kwamfuta da aka gina ba nisa da mu, aka yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, yau shekaru ke nan da kwaɗo a ƙofarsa, ƙura ta rufe na'urorin, mai riƙe da makulli an yi masa canjin wurin aiki. Ba zan faɗi wanda ya gina ba, don irinsa suna da yawa kuma masu ginawa daban-daban ne. Da za a bi irin waɗannan ɗakuna a damƙa makullinsu ga kwamitin unguwa, a sa musu sola, a ce da yamma na dattawa ne, da an yi aikin da ya fi gina sabo.

Abin da muka fi bukata ƙarami ne har ina jin nauyin faɗarsa ga babbar hukuma. Ɗan littafi na Hausa, da boko da ajami, mai manyan haruffa da hotunan fuskar waya irin wadda talaka ke riƙewa, wanda kowa zai iya bugawa ba tare da neman izini ba. A haɗa shi da gajerun darussa na murya da za su yi yawo a WhatsApp, a kuma sa su a rediyo, don har gobe tsohon Bahaushe da rediyonsa yake kwana. Kada a ba wanda zai fassara Turanci kalma da kalma, ya zo mana da Hausar da sai an sake fassara ta. A zo a ji yadda mutane ke faɗa da bakinsu: data, caji, alat, sabis, lambar sirri. Sannan ɗan abin sayen data da ruwan sha ga masu sa kai, ta hannun da za a iya bin sawunsa. Yaran da ke taimaka mini daga aljihunsu suke kunna wa ajin data, kuma tun da hukumar kula da kamfanonin sadarwa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, biyu daga cikinsu sun ja baya, ban kuma ga laifinsu ba. Na san farashin data ba a ofishinka ake yanke shi ba, haka ma asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada don kai sadarwa inda ba ta kai ba. Amma ma'aikatarku ɗaya, kuna zama teburi ɗaya. Haka nan maganar bankuna su sa Hausa da sauran harsunanmu a menu ɗinsu, su kuma ƙara wa mai karatu a hankali 'yan daƙiƙu: in ta fito daga bakinka a gaban Babban Banki, ta fi ƙarfin wasiƙar malamin firamare.

Wani abokina da na nuna wa wannan takarda ya ce ɓata lokaci nake yi. In ji shi, kuɗin gwamnati kaɗan ne, matasa ba su da aiki, a zuba a kansu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce masa ban ƙi ba, amma ya duba a hannun wa jarin gida yake. Kuɗin gona, kuɗin fansho, kuɗin adashe, kuɗin auren 'ya, duk a hannun waɗannan da ake cewa lokacinsu ya wuce suke, kuma su ɓarayi ke hari. Da MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a intanet, ta rufe a Disambar 2016, da takwararta CBEX ta rushe a Afrilun 2025, ba matasa kaɗai suka yi kuka ba, akwai iyayen da 'ya'yansu suka jawo su ciki da alkawarin riba, suka sa hannu a abin da ba su iya karantawa ba. Sannan tsoho in ya yarda da ƙarya, gida guda ne ya yarda. Ka tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aka tashi gidaje da asuba ana dafa ruwa, har aka rasa rayuka. A lokacin wayoyin zamani ba su kai yawan na yau ba. Yanzu kuwa ana iya haɗa bidiyon malami ko sarki yana faɗar abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa. Shi ya sa muka ƙara darasi a ajinmu: duk saƙon da ya ce "tura wa mutum goma" ko "cike nan ka karɓi tallafi," a ajiye shi sai an tambaya. Matambayi ba ya ɓata, wannan kam sun riga mu sani.

Shi maƙwabcin nawa mai huluna, yanzu ba ya sallamar kaya sai ya latsa lambar bankinsa ya ga ragowar kuɗinsa ta ƙaru, komai kyan rigar mai saye. Ya canja lambar sirrinsa da kansa, ya ƙi gaya wa kowa, har ni. Makon jiya na same shi a bencin baya yana koya wa wani sabon ɗalibi, tsohon direban babbar mota, yadda ake toshe lambar da ta dame ka, hannunsa a baya kamar yadda dokar aji ta ce.

In wata hidima ta kawo ka Kano ranar Alhamis, muna gayyatarka, amma ba da jerin motoci ba, don lungun namu ko Keke Napep da kyar take shiga. Mai unguwa zai sa yaro ya taro ka a bakin titi. A zo da wuri, ba mu da wuta, ana kiran magariba muke tashi. Ɗalibai sun ce in gaya maka suna da tambaya kan dalilin da ke sa a cire musu kuɗi alhali tiransifa ba ta tafi ba, kuma ni na kasa ba su amsar da ta gamsar da su.

Allah Ya yi jagora, Ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malamin ajin Alhamis,
Cikin birnin Kano.